Tarihin harsashin .357 Magnum

Harsashin .357 Magnum, wanda kamfanonin Smith & Wesson da Winchester na Amurka suka fito da shi a shekarar 1935, shi ne harsashin ƙaramar bindiga na farko da aka laƙaba wa sunan Magnum.

Ya shafe shekara 20 yana kan gaba wajen ƙarfi a tsakanin harsasan ƙananan bindigogi da ake sayarwa a kasuwa, kuma har yanzu ana ƙera shi a ƙasashe da dama.

A ido, abin da ya raba shi da tsohon harsashin 'yan sanda na .38 Special bai kai tsawon milimita 4 ba. Mutane da yawa na zaton an yi wannan ƙarin ne domin a samu wurin zuba albarushi mai yawa. Amma babban dalilin shi ne a hana sabon harsashin shiga tsofaffin bindigogin da zai iya tarwatsawa a hannun masu su.

Sassan harsashi

Abin da ake kira harsashi dai haɗakar abubuwa huɗu ne. Akwai kwanso na tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar dalma da ke toshe bakinsa, sai kuma wani ɗan ƙoƙo a gindinsa mai ɗauke da sinadarin da ke kama wuta idan an buge shi.

Idan aka ja kunamar bindiga, wani ƙarfe ne ke bugun wannan ƙoƙo, wuta ta kama albarushin, shi kuma ya rikiɗe ya zama iska mai zafi wadda ba ta da mafita sai ta tura ƙwayar ta cikin bututun bindigar. Ƙwayar ce ke fita, kwanson kuwa ya tsaya a baya.

Sai dai wannan iska ba ƙwayar kaɗai take turawa ba. Tana danna kowane sashe na ƙarfen da ya kewaye kwanson, kuma idan matsin ya fi ƙarfin ƙarfen, bindigar ce ke fashewa. Wannan ita ce matsalar da duk mai son ƙara wa harsashi gudu yake fuskanta.

An ƙera .357 Magnum ne domin libarba, wato ƙaramar bindigar nan mai silinda da ke juyawa, wadda galibi ke da ramuka shida, kowane rami da harsashinsa. Katangar ƙarfen da ke tsakanin ramukan ita ce ke ɗaukar yawancin matsin.

Lambar .357 kuwa faɗin ƙwayar ne a ma'aunin inci, wato kimanin milimita 9.07. Wani abu da ke rikita mutane shi ne faɗin ƙwayar .38 Special ma daidai yake da wannan. Lambar .38 gado ce daga harsasan ƙarni na 19, lokacin da ake yin ƙwayar da faɗi ɗaya da bayan kwanson. Daga baya an rage ƙwayar domin ta zauna a cikin kwanson, amma tsohon sunan ya ci gaba da bin harsashin.

Gadon .38 Special

A shekarar 1892 rundunar sojan Amurka ta karɓi libarbar kamfanin Colt mai amfani da harsashin .38 Long Colt. Ba a jima ba aka fara kuka da shi. A yaƙin da Amurka ta yi a ƙasar Filifin daga 1899, musamman a fafatawarta da mayaƙan Moro, Musulmin kudancin ƙasar, sojoji sun riƙa kai ƙorafin cewa harsashin ba ya tsayar da mutumin da ya taso musu. Wannan ne ya sa rundunar ta koma ga harsashi mai faɗin .45, har ta karɓi fistol ɗin Colt a 1911.

Kamfanin Smith & Wesson da ke Springfield a jihar Massachusetts ya bi wata hanyar daban. Tun a 1898 ya tsawaita kwanson .38 Long Colt ya samar da .38 Special, kuma a shekarar da ta biyo baya ya fito da libarbar Military & Police domin sa.

A wancan karon kam an tsawaita kwanson ne domin ƙarin albarushi, saboda baƙin albarushi na dā ake amfani da shi, wanda ke cin wuri. Amma ba da daɗewa ba kamfanoni suka koma ga albarushi marar hayaƙi, irin wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884. Shi wannan kaɗan daga cikinsa ke yin aikin mai yawa na tsohon, don haka aka wayi gari kwanson .38 Special yana da fili mai yawa da babu komai a ciki.

Harsashin ya samu karɓuwa ƙwarai. Yana tafiya daidai inda aka saita shi, ba ya wahalar da hannu, kuma ya zuwa shekarun 1920 yawancin rundunonin 'yan sandan Amurka da shi suke aiki. Ƙwayarsa mai nauyin giram 10.2 tana fita ne da gudun kimanin mita 250 a daƙiƙa guda.

'Yan fashi a cikin mota

Wannan gudu ya wadatar a zamanin da ɓarawo ke tafiya a ƙasa ko a kan doki. Abubuwa sun sauya bayan da Amurka ta kafa dokar haramta sayar da barasa a 1920.

Dokar ta buɗe ƙofar fasa-ƙwauri mai riba, gungun masu aikata laifuka irin na Al Capone a Chicago suka yi ƙarfi, suka sayi motoci da manyan makamai. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 1929 kuma, sai fashin banki ya yawaita a jihohin tsakiyar ƙasar. 'Yan fashin kan shiga gari su yi aika-aika, su tsallaka iyakar jiha a cikin mota kafin 'yan sanda su farga. Motar Ford mai injin V8 da ta fito a 1932 ta zama abar so a wurinsu saboda gudunta.

'Yan sanda sun gano cewa ƙwayar dalma mai taushi, mai tafiya a hankali, sau da yawa ba ta huda ƙofar mota, wani lokaci ma zamewa take yi a kan gilashin gaba. Ga kuma rigunan sulke da suka fara shiga hannun 'yan fashin. Gungun John Dillinger, alal misali, ya kai farmaki a ofisoshin 'yan sanda a jihar Indiana a 1933, inda ya kwashe bindigogi da irin waɗannan riguna.

A watan Yunin wannan shekarar aka kashe jami'an tsaro huɗu tare da fursunan da suke rakiya a gaban tashar jirgin ƙasa ta Kansas City. Kisan ya girgiza ƙasar, kuma a 1934 majalisar dokoki ta ba jami'an hukumar bincike ta tarayya, wadda a 1935 aka sa wa suna FBI, cikakken ikon ɗaukar makami da kama masu laifi.

Kamfanin Colt ne ya fara amsa kiran 'yan sanda. A 1929 ya fito da harsashin .38 Super domin fistol mai ɗura kanta, wanda ƙwayarsa mai giram 8.4 ke gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. Yana huda ƙofar mota da rigunan sulken wancan zamani, abin da ya sa Smith & Wesson ya ga kasuwarsa na neman kuɓuce masa.

Maganin da ya zo da haɗari

Amsar Smith & Wesson ta zo a 1930. Kamfanin ya ɗauki gangar jikin babbar libarbarsa da aka tsara domin harsashin .44, ya huda mata ƙananan ramuka na .38, ya kira ta .38/44 Heavy Duty. Da yake ramukan ƙanana ne a cikin babbar silinda, katangar da ke tsakaninsu ta yi kauri sosai, tana iya jure matsin da zai lalata ƙaramar bindiga. A 1931 aka ƙara wani samfurin mai suna Outdoorsman domin maharba.

Kamfanonin harsashi suka cike filin nan da ke cikin kwanson .38 Special, suka samar da harsashin .38/44 mai gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa.

Harsashin ya yi aikin da ake buƙata, amma ya zo da wata matsala babba. Girmansa da siffarsa daidai suke da na .38 Special na yau da kullum. Ban da rubutun da ke jikin kwali da ɗan tambarin da ke gindin kwanso, babu abin da ya bambanta su. Ke nan zai shiga kowace libarbar .38, har da ƙanana da tsofaffin da aka ƙera kafin a iya gasa ƙarfe yadda ya kamata.

Bindigogi irin waɗannan kuwa suna da yawan gaske a gidajen Amurkawa. Gargaɗin da aka rubuta a kwali ba ya bin harsashi idan ya fita daga kwalin ya shiga aljihu ko aljihun tebur. Duk wani ƙarin ƙarfi da za a yi daga nan, ƙarin haɗari ne ga mai tsohuwar bindiga, kuma ƙarin abin zargi ne ga kamfanin.

Mutum uku

Sunayen mutum uku ne ake ambata a duk lokacin da ake maganar asalin .357 Magnum.

Na farko shi ne Elmer Keith, mai kiwon shanu kuma maharbi da ya zauna a jihar Idaho, wanda aka haifa a 1899. Keith na cikin masu haɗa harsasansu da kansu a gida, kuma ya yi suna wajen gwajin ƙure iyakar bindiga. A shekarun 1920 wata libarbar Colt .45 ta fashe a hannunsa saboda ya cika mata ƙarfi. Bai daina gwajin ba, sai dai ya koma ga bindigogin da katangar silindarsu ta fi kauri.

Babbar gudummawarsa ita ce siffar ƙwaya. Ya tsara ƙwayar dalma mai faffaɗan kai da kafaɗa mai kaifi, wadda yawancin nauyinta ke wajen kwanson, abin da ke barin fili a ciki ya kuma rage matsi. Samfurin da ya yi domin .38 yana da nauyin giram 11.2, kuma rubuce-rubucensa kan gwaje-gwajen da ya yi da libarbar .38/44 sun nuna wa jama'a cewa bindigar na iya ɗaukar fiye da abin da kamfanoni ke ba ta.

Na biyu shi ne Philip Sharpe, marubuci kuma masanin harsasai da ya yi aiki da sashen fasaha na ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA. Shi mutum ne mai awo da rubuta sakamako. Ya gwada nau'o'in albarushi da ƙwayoyi masu yawa, sa'an nan ya riƙa matsa wa Smith & Wesson lamba da ya ƙera sabuwar bindiga da sabon harsashi maimakon ci gaba da yi wa tsohon ƙari.

Na uku shi ne Douglas Wesson, jikan Daniel Wesson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin. Shi ne mataimakin shugaban kamfanin a lokacin, kuma shi ke da ikon mayar da shawara ta zama kaya a kasuwa. Ya ɗauki nauyin aikin, ya kuma jawo kamfanin Winchester na New Haven ya ƙera harsashin. A 1934 aka kammala tsarin.

Masu sha'awar makamai sun daɗe suna jayayya kan wanda ya fi cancantar a kira uban wannan harsashi. Keith ya fi sauran suna, domin ya rayu har 1984 yana rubutu, kuma bai kasance mai rage wa kansa daraja ba. Amma ƙwayar da Winchester ya ɗora a kan harsashin ta fi kusa da tsarin Sharpe, mai gajeren kai da nauyin giram 10.2. Ta Keith ta yi tsawo, idan aka ɗora ta yadda ya tsara a kan sabon kwanson sai kanta ya leƙo daga bakin silindar. Abin da za a iya faɗa shi ne Keith ya nuna hanya, Sharpe ya auna ta, Wesson kuma ya biya kuɗin aikin.

Milimita uku da rabi

Shawarar da ta warware matsalar ba ta da sarƙaƙiya. An bar faɗin ƙwayar da na kwanson yadda suke, aka ƙara wa kwanson tsawo daga milimita 29.3 zuwa 32.8, wato ɗan fiye da kashi ɗaya cikin takwas na inci.

A cikin kowane ramin silindar libarba akwai wata 'yar gaɓa inda ramin ke tsukewa, daidai inda bakin kwanson ke tsayawa. Idan aka zura .357 Magnum a ramin .38 Special, bakinsa zai ci karo da wannan gaɓa tun bai gama shiga ba. Gindinsa zai tsaya a waje, silindar kuma ta ƙi rufuwa. Bindigar da ba ta rufu ba kuwa ba ta harbi.

Ta haka aka cire tsaron daga hannun mai karanta kwali aka sanya shi a jikin ƙarfe, inda mantuwa ko jahilci ba za su yi tasiri ba. Sauya sunan daga .38 zuwa .357 shi ma wani ɓangare ne na wannan kariya, domin kada mai saye ya ɗauka abu ɗaya ne.

Alƙaluman matsi sun nuna girman abin da ake gudu. A ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin makamai da harsasai a Amurka, iyakar matsin .38 Special fam 17,000 ne a kan kowane murabba'in inci, na .357 Magnum kuwa fam 35,000. Ya ninka shi har da ɗoriya.

Kariyar dai ba ta cika ɗari bisa ɗari ba. Wasu tsofaffin libarbobin Colt na .38 Long Colt an huda ramukansu ne a miƙe babu gaɓa, don haka harsashin Magnum na iya shigewa cikinsu. Masana makamai na gargaɗi kan wannan har yau.

Tsarin ya kuma haifar da wata fa'ida. Tun da .38 Special ya fi gajarta kuma faɗinsu ɗaya, yana shiga libarbar .357 ya yi aiki lafiya. Mai bindiga ɗaya ya samu harsasai iri biyu ke nan, mai sauƙi da araha domin atisaye, da mai ƙarfi domin aiki. Masu nazarin kasuwar makamai na ganin wannan na cikin manyan dalilan da suka sa harsashin ya daɗe.

Samfurin farko na Winchester ya fita da gudun kimanin mita 460 a daƙiƙa daga bututu mai tsawon inci 8 da kwata uku. Gudun bai kai ninki biyu na .38 Special ba, amma ƙarfin bugun ya haura ninki uku, saboda a ƙa'idar kimiyya idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa.

Wannan gudu ya zo da tasa matsalar. Dalma mai taushi kan goge a jikin bututu ta bar saura, kuma bayan 'yan harbe-harbe saitin bindigar ya fara lalacewa. Sai da aka koma lulluɓe ƙwayar da jan ƙarfe aka shawo kan abin.

Suna da kasuwa

Kalmar magnum daga harshen Latin take, ma'anarta babba. Turawa na kiran babbar kwalbar giya mai cin lita ɗaya da rabi da wannan suna, kuma maƙeran bindiga na Birtaniya sun ara shi tun da farko. Kamfanin Holland & Holland na London ya sa wa harsashinsa na farautar manyan namun daji suna .375 Magnum a 1912. Smith & Wesson ne ya kawo kalmar cikin ƙananan bindigogi, ya kuma yi mata rajista a matsayin tambarin kasuwancinsa.

Libarbar da aka ƙera domin harsashin ta fito a 1935 a kan dala 60, kuɗi mai yawa a lokacin da miliyoyin Amurkawa ba su da aikin yi. Kamfanin bai yi tsammanin ciniki mai yawa ba, don haka ya mayar da ita kayan oda. Mai saye ne ke zaɓen tsawon bututu, daga inci 3 da rabi zuwa 8 da kwata uku, da irin abin saiti da mariƙi. Kowace bindiga na da lambar rajista, kuma ana aika wa mai ita takardar shaida ɗauke da sunansa.

Mai lamba ɗaya an ba da ita ga J. Edgar Hoover, shugaban FBI. George Patton, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun janarorin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, ya sayi tasa a wannan shekarar. Douglas Wesson da kansa ya tafi farauta da ita a jihar Wyoming da kuma Kanada, inda ya harbe manyan namun daji da wasunsu ke kai nauyin sa, kamfanin kuma ya yi amfani da labarin wajen talla.

Oda ta yi yawa fiye da yadda ma'aikata za su iya, har aka dakatar da tsarin rajistar a 1939 bayan an ƙera kimanin 5,500. Waɗanda suka rage daga cikinsu na cikin bindigogin da masu tara kayan tarihi suka fi nema.

Wani abin lura shi ne harsashin ya makara ga yaƙin da aka ƙera shi dominsa. An soke dokar haramta barasa a watan Disamban 1933. Capone na kurkuku. Dillinger, da Bonnie da Clyde, da Pretty Boy Floyd, da Baby Face Nelson, duk an kashe su a cikin 1934.

A ƙugun 'yan sanda

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne harsashin ya bazu a tsakanin jami'an tsaro. A 1954 Smith & Wesson ya fito da Highway Patrolman, samfuri marar ado mai rahusa. 'Yan sandan manyan hanyoyi, waɗanda aikinsu ya shafi tsayar da motoci a wuraren da babu mai kawo musu ɗauki, su ne suka fi karɓarsa.

Amma babbar libarbar na da nauyi ga mai rataye ta yini guda. Bill Jordan, wani jami'in tsaron kan iyaka da ya shahara wajen harbi, ya ba kamfanin shawarar ya sanya harsashin a cikin matsakaiciyar gangar jiki. Sakamakon shi ne Combat Magnum ta 1955, wadda daga baya aka sani da Model 19. A wannan shekarar ce kuma Colt ya fito da Python, Ruger ya fito da Blackhawk.

Tunanin da aka gina Model 19 a kai shi ne jami'i zai yi atisaye da .38, ya ɗauki .357 a bakin aiki. Wannan dabara ta nuna rauninta a watan Afrilun 1970 a Newhall da ke California, inda wasu mutum biyu suka kashe 'yan sandan hanya huɗu cikin 'yan mintoci. Daga cikin darussan da aka ɗauka akwai cewa bai dace jami'i ya saba da harsashi mai sauƙi ba, sa'an nan ya fara jin ƙara da bugun mai ƙarfi a ranar da ransa ke cikin haɗari.

Da rundunoni suka koma atisaye da harsashin da suke ɗauka, sai wata matsalar ta ɓullo. A shekarun 1970 an fi son ƙwaya marar nauyi, mai giram 8.1 da rami a kanta, wadda ke gudun kimanin mita 440 a daƙiƙa ta kuma buɗe idan ta bugi abu. Yawan harba ta ya riƙa tsaga gindin bututun matsakaitan libarbobi. Wannan ya sa Smith & Wesson ya fito da gangar jiki mai ɗan kauri a farkon shekarun 1980, wato samfuran 586 da 686, Ruger kuma ya biyo baya da GP100 a 1985.

A Turai, kamfanin Manurhin na Faransa ya ƙera MR 73 a 1973, wadda aka tsara domin ta jure harbin Magnum na kullum. Rundunar jandarmomi ta musamman ta ƙasar, GIGN, ta yi suna da ita.

Magadansa

Dabarar tsawaita kwanso ta zama abin koyi. A 1955 Remington da Smith & Wesson sun yi wa .44 Special irin wannan ƙari suka samar da .44 Magnum, bayan shekaru Elmer Keith na kiraye-kirayen a yi hakan. Shi ne ya karɓe kambin ƙarfi daga .357, kuma fim ɗin Dirty Harry na 1971, wanda Clint Eastwood ya fito a ciki, ya sa sunansa ya zagaye duniya. An samu .41 Magnum a 1964, sai .500 S&W Magnum a 2003.

Ba kowane ƙari ne ya yi nasara ba. A 1983 Remington da Ruger sun sake tsawaita kwanson .357 zuwa kusan milimita 41, suka kira shi .357 Maximum. Wutar da ke fita tsakanin silinda da bututu ta riƙa cin ƙarfen saman bindigar, kuma ba a daɗe ba Ruger ya daina ƙera libarbar.

Ja da baya

Abin da ya kawar da .357 Magnum daga ƙugun 'yan sanda shi ne yawan harsasan da fistol ke ɗauka. Libarba shida take ɗauka kuma sake cika ta na ɗaukar lokaci, yayin da fistol mai ɗura kanta ke ɗaukar 15 ko fiye.

A ranar 11 ga Afrilun 1986 jami'an FBI suka yi musayar wuta da wasu 'yan fashin banki biyu a Miami. An kashe 'yan fashin, amma jami'ai biyu sun rasa rayukansu, biyar kuma suka ji rauni. Wasu daga cikin jami'an libarba ke hannunsu, kuma wahalar sake cika ta a tsakiyar faɗa na cikin abubuwan da binciken hukumar ya duba. FBI ta koma ga fistol, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 yawancin rundunonin ƙasar sun bi sahu.

Shi kansa harsashin bai dace da fistol sosai ba. Yana da tsawo, ga kuma ɗan leɓe a gindin kwanson wanda ke riƙe shi a silinda amma yake kawo cikas idan an jera harsasai a kan juna. Leɓen ne harafin R ke nufi a sunansa na ma'aunin mita, 9×33mmR. 'Yan fistol kaɗan ne, irin su Desert Eagle da Coonan, aka ƙera dominsa. A 1994 kamfanonin SIG Sauer da Federal suka fito da .357 SIG, gajeren harsashi marar wannan leɓe da aka tsara ya kwaikwayi gudun Magnum a cikin fistol. Sunan kawai ya ara, domin faɗin ƙwayarsa .355 ne.

Harsasan .357 Magnum da manyan kamfanoni ke sayarwa yanzu ba su kai alƙaluman 1935 ba. Ƙwaya mai giram 10.2 kan yi kimanin mita 375 a daƙiƙa, sai dai ana auna wannan ne da bututu mai inci 4, ƙasa da rabin wanda aka yi awon farko da shi.

A yau maharba da masu gasar harbi da masu ajiye bindiga a gida a Amurka ne suka fi sayensa. Akwai kuma dogayen bindigogi da ke amfani da shi, inda tsawon bututu ke kai gudun ƙwayar kusan mita 550 a daƙiƙa, abin da ya isa farautar barewa a kusa. Ingancin ƙarfen zamani ya ba da damar ƙera libarba mai ramuka bakwai ko takwas, kuma kamfanin Colt, wanda ya daina ƙera Python a 2005, ya dawo da ita kasuwa a 2020.